ƘASAR GONA TANA DA RAI
Jawabin malamin gona bisa takin gargajiya

Ga jawabin da malamin gona ya yi ma ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, bayan kaka. Mun buga shi don a karanta cikin kowane aji, kuma a yi shawara a kan shi.

    

Ko'ina muka je maganar manoma guda ce: gona ta gaji. Gonar da ta ba kakanninmu damma ɗari, yau da wuya ta ba da arba'in. A da, in gona ta gaji sai a bar ta ta huta shekara 5 ko 10, ta zama maiso, a je a sari wata. Yanzu ina dajin? Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ƴan kai cikin Nijar. Ƙidayar 2012 ta sami miliyan 17. Yau mun wuce miliyan 25. Cikin jihar Maraɗi da kudancin Damagaram gona ta haɗe da gona. Wanda ya gaji eka 2 shi da ƴan uwan shi, ba ya da inda za shi. Dole gonar da ke hannu ita za a gyara.

To, mi ake nufi in an ce gona ta gaji?

Ku ɗebo ƙasa daga ƙarƙashin gawo, ku ɗebo daga tsakiyar jigawa. Ku duba. Ta gawo tana da duhu, tana da ƙamshi in ta jiƙa, tana ɗan dunƙulewa cikin hannu. Ta jigawa fara ce, tana zubewa tsakanin yatsu. Bambancinsu ya wuce na launi. Cikin ƙasar gawo akwai halittu masu rai da yawan gaske. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubi irin na likita. Masu bincike sun ƙirga: cikin cokalin shayi guda na ƙasa mai kyau, yawansu ya fi yawan mutanen Nijar duka.

Kada wannan ya ba ku mamaki. Mata sun daɗe suna aiki da irin waɗannan halittu. Wa ke sa madara ta zama nono? Su ne. Shi ya sa ake barin ɗan tsohon nono cikin ƙwarya. Wa ke sa kalwa ko ƴaƴan yakuwa su zama daudawa? Su ne. Kun san in an dafa an rufe, bayan kwana biyu sai a ji tukunya ta ɗau zafi ba tare da wuta ba. Zafin aikinsu ne. Likita ya gaya muku akwai ƙwayoyin cuta. Gaskiya ne, akwai. Amma masu cuta kaɗan ne cikinsu. Mafi yawa masu amfani ne, kuma da babu su da tsiro bai ci abinci ba.

Ga yadda abin yake. Hatsi ba ya da haƙori. Ba ya cin kashin shanu, ba ya cin kara, ba ya cin ganye. Saiwar shi ruwa kawai take sha, da abin da ya narke cikin ruwan. Ƙananan halittun nan su ke cin takin. Su ci, su narkar da shi, su saki abincin da ke ciki kaɗan-kaɗan, saiwa ta tsotsa. Kamar mai gida ne ya kawo damin hatsi: sai an sussuka, an surfa, an daka, an dafa, sannan yara su ci. Su ne masu dakan gona. In ka kai taki, su ka kai ma. In ka daina kaiwa, sai su ragu. Ƙasar jigawarmu dama abincinsu kaɗan ne cikinta, bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma zafin rana yana ƙone shi da sauri. Gonar da aka ce ta gaji, masu aikinta ne yunwa ta kama.

MASU ZAMA CIKIN SAIWAR WAKE

Damana mai zuwa, in wake ya fara fure, ku tono gindi guda a hankali. Za ku ga ƴan dunƙule-dunƙule manne da saiwa, kamar ƙwayar dawa. Wasu suna zaton ciwo ne. Ba ciwo ba ne, ɗakuna ne. Ku tsaga guda da farce. In cikin shi ja-ja ne, to masu ɗakin suna aiki. In fari ne ko kore, ba su aiki.

Aikinsu shi ne kamo abincin tsiro da ake ce ma azot. Azot shi ke sa ganye ya yi kore shar. Shi ne cikin farin takin zamani, wanda ake ce ma ure: cikin kilo 100 na ure akwai kilo 46 na azot. Iskar da muke shaƙa kuwa, kashi 78 cikin 100 azot ce. Tana bisa gonar kowa, kyauta, amma hatsi ba ya iya kama ta. Halittun saiwar wake suna iyawa. Su kamo, su ba wake, shi kuma ya ba su zaƙin da ganyen shi ya haɗa. Haka gujiya take, haka gawo yake. Shi ya sa hatsin da ya biyo bayan wake ya fi kyau. Kakanninmu sun san haka tun kafin a ƙera madubin. Abin da zan roƙe ku: in kuna kwasar harawa, ku yanke, ku bar saiwa cikin ƙasa.

FUNFUNA DA ƘUDUJI

Akwai wasu kuma, dangin funfuna ne. Suna shiga cikin saiwar hatsi da dawa, su fiddo zare siriri wanda ya fi gashi sirantaka. Zaren yana tafiya cikin ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Yana jawo ma tsiro ruwa da wani abinci da ake ce ma fosfor. Ku riƙe wannan suna. Binciken da aka yi a Sadore, kusa da Yamai, ya nuna rashin fosfor shi ne babbar yunwar ƙasar jigawarmu. Hatsin da ya rasa shi yana tsayawa ƙanƙane, saiwa ba ta nisa, ba ya yin ƴaƴa da yawa a gindi.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne maganar ƙuduji ta shigo. In hatsi ya ji yunwar fosfor, saiwar shi tana fidda wani ruwa cikin ƙasa. Kira ne yake yi ma funfunar nan ta zo ta taimake shi. Masana na ƙasar Japan suka gano haka cikin 2005. To, irin ƙuduji da ke kwance cikin ƙasa shi ma yana jin wannan kira. Da ya ji sai ya tsira, ya kama saiwar hatsi, ya yi ta shan ta tun bai fito bisa ƙasa ba. Hatsi mai yunwa yana yawaita kira, ƙuduji ya yi ta tashi. Hatsin da ya ƙoshi kiran shi kaɗan ne. Kun ga dalilin da ya sa ƙuduji ya fi yawa a gonar nesa, wadda ba ta ganin taki, ya yi ƙaranci a gonar bayan gida.

Amma taki kaɗai ba ya gama da shi cikin shekara guda. Gindin ƙuduji guda yana zubar da iri dubu goma-goma, kuma irin yana iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10. A sa taki, kuma a tumɓuke shi kafin ya yi fure, a fidda shi daga gona. Shi wannan a ƙone shi, kada a sa shi cikin ramin taki in ya riga ya yi iri.

Ƙasar da ke cike da halittu masu amfani, masu cuta ba su samun wuri da sauƙi cikinta. Kuma tsiron da ya ƙoshi ya fi jure ciwo da tsayawar ruwa. Ban ce taki maganin kowane ciwo ba ne. Ba ya hana fara, ba ya hana tsuntsu, ba ya hana tsutsar zangarniya. In kun ga waɗannan ku sanar da ma'aikatar gona da wuri.

GARA DA FAKO

Na san in na yabi gara wasu za su yi dariya, don ta ci rumbu ta ci danni. A gida maƙiyiya ce. A kan fako ma'aikaciya ce. Ku zuba kara ko rassan sabara bisa fako da rani, ku dawo da damana. Gara ta zo cin karan, ta huda ƙasa, ta yi hanyoyi. Ruwan da yake gudu a da, yanzu yana shiga. Iska ta kawo rairayi da ƙura, karan ya tare su. Sai ku ga ciyawa ta fito wurin da ya shekara goma ba ya fidda komi.

Wannan shi ne asirin tassa. Cikin 1989 wasu manoma na yankin Illela, jihar Tawa, sun je Yatenga cikin Burkina Faso. Sun ga yadda manoman can ke gina ramu bisa fako da rani, suna zuba taki ciki. A can sunan shi zai. Da suka dawo suka gwada. Maƙwabta suka gani suka ɗauka. Har ta kai ga ana sayen fako da kuɗi a wajen Badagishiri, ƙasar da a da ko kyauta ba mai so. Ramin tassa faɗin shi santimetir 20 zuwa 30, zurfin shi 15 zuwa 20. Ƙasar da aka fiddo a tara ta ta gefen gangare, don ta tare ruwa. A zuba taki cikin hannu biyu, a rufe da ƴar ƙasa. Aikin yana da wuya, ba na ɓoye muku. Kuma na ƙasa mai tauri ne. Cikin rairayin jigawa rami yana cikewa da iska ta farko.

INA ZA MU SAMU TAKIN?

Wani zai ce: malam, duk mun ji, amma ni awaki 3 gare ni. Tambaya ce mai kyau. Taki ba ya isa, kuma kara yana da masu nema da yawa: dabba na so, danni na so, murhu na so, kasuwa na so. Ba zan ce ku bar duka a gona ba alhali tumaki na kuka. Amma akwai abin da muke ɓatarwa da hannunmu.

Na farko wuta. Wanda ya tara kara da ganye ya cinna wuta lokacin sassabe, azot ɗin da ke ciki ya bi hayaƙi. Toka ta rage, tana da ɗan amfani, amma iskar bazara ta kwashe rabinta. Abincin masu aiki ya ƙone, ƙasa ta zauna tsirara cikin rana. Abin da dabba ta rage a bar shi kwance.

Na biyu fitsarin dabbobi. Muna kwasar kashi, muna mance fitsari, alhali kashi babba na azot cikin fitsari yake fita. A shimfiɗa ƙaiƙayi ko ɓawon gujiya ko guntayen kara a turke. Su sha fitsarin. Bayan kwana bakwai a kwashe, a shimfiɗa sabo.

Sai itatuwa. Gawo yana zubar da ganye da damana, lokacin da sauran itatuwa ke tofo. Ba ya yi ma hatsi inuwa, ganyen shi taki ne, dabbobi kuma suna zama ƙarƙashin shi da rani suna cin ƴaƴa suna kashi. Wanda ya bi hanyar Matamai da Magarya da Mirya ya ga gonaki cike da gawo. Mafi yawansu ba dasa su aka yi ba. Bayan yunwar 1984 manoma suka fara barin tsiron da ya fito da kan shi, suna gyara shi. Sassaben zamani kenan, wanda ya fara daga jihar Maraɗi. Ko sabara da kalgo, waɗanda muke sarewa har ƙasa, an gwada su a Senegal shekara da shekaru. An ga hatsin da ke kusa da su ya fi ba da amfani. Saiwarsu tana jawo ruwa daga ƙasa mai zurfi da dare, ta jiƙa ta bisa, halittun ƙasa su samu laima ko da rani. A yanke rassan da bazara, a sassara, a bar su a gindin.

Akwai kuma makiyaya. Tun da can manomi yana kiran Bafillace ko Buzu ya sauka gonar shi da rani, ya ba shi hatsi, dabbobi su kwana su bar taki da fitsari. Babu takin da ya fi wannan sauƙi, don ba ka ɗauko ba, ba ka biya amalanke ba. Inda aka yi faɗa tsakanin manoma da makiyaya wannan ciniki ya mutu, gona ta yi hasara. A jira ranar da hukuma ta sa ta sakin gonaki, sannan a yi magana da su. A riƙa gusa wurin kwanan dabbobi bayan ƴan kwanaki, kada taki ya taru wuri guda.

RAMIN TAKI

Yanzu ga yadda ake ƙara yawan taki da kyan shi. A gina rami cikin inuwa, nesa da rijiya. Tsawo metir 2, faɗi metir 1 da rabi, zurfi kamar zuwa ƙugu. A sassare kara ƙanana. A shimfiɗa kara da ƙaiƙayi da ganye, kaurin tafin hannu biyu. A yayyafa ruwa. A zuba kashin dabbobi kaurin yatsa huɗu. A barbaɗa toka kaɗan. A watsa ƴar ƙasar gindin gawo ko tsohon taki: wannan shi ne tsohon nonon ƙwarya. A sake jerawa haka har rami ya cika. A rufe da ciyawa ko tsohuwar tabarma. Inda ake samun garin dutsen fosfat na Tawa, a barbaɗa shi tsakani. Shi kaɗai yana jinkirin narkewa, amma cikin rami halittun nan suna taimaka mashi.

Ruwa ya zama daidai. Ku damƙi takin ku matse. In ruwa ya zubo, ya yi yawa. In ya watse da kun buɗe hannu, ya yi kaɗan. Ku kafa sanda a tsakiya. Bayan kwana 3 ko 4 ku zaro ta ku taɓa. In da zafi, aiki na tafiya. Zafin yana iya kai awo 60, kuma shi ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da yawa. In sanda ta fito da sanyi, a ƙara ruwa ko kashi. In wari ya tashi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, iska ce babu, a juya. Kowane kwana 15 a juya, na ƙasa ya koma bisa. Wata 2 zuwa 3 ya nuna: ya yi baƙi, ya yi sanyi, ba a gane kara ba a gane kashi.

Maza, ku ji wannan. Ruwan ramin nan kada ya zama ƙarin kaya bisa kan mata. Mai jaki ko amalanke ya ɗebo. Ruwan wanke hatsi da na wanke kwanoni, in ba sabulu da yawa, yana yi.

Jujin yau ba irin na da ba ne. Akwai leda, akwai kwalba, akwai mataccen batir. Leda ba ta ruɓewa, tana hana saiwa tafiya, tana kashe akuya in ta ci. Batir dafi gare shi. A tsince su kafin a kai gona. Masu garka kuma, kada ku sa ɗanyen kashi ga salati da tumatir da abin da ake ci ba dafawa. Yana ƙone tsiro, yana kawo ciwon ciki. A wanke hannu da sabulu bayan aikin taki.

In kun kai taki gona da rani, kada ku baje shi rana ta yi wata huɗu tana dukan shi. Ku tara shi tsibi-tsibi, ku rufe da ƙasa, sai ruwa ya kusa.

TAKIN ZAMANI FA?

Ban zo in hana ku takin zamani ba. Yana da amfani, kuma takin gida shi kaɗai sau da yawa ba ya cika fosfor ɗin da gona ke so. Amma shi abincin tsiro ne kawai, ba ya ciyar da masu aikin ƙasa. A Sadore an yi gwaji shekaru da yawa tun wajen 1983: fili guda ba komi, guda kara kawai, guda takin zamani kawai, guda an haɗa biyun. Wanda aka haɗa shi ya fi duka. Wanda aka yi ta ba takin zamani shi kaɗai, ƙasar shi ta yi tsami da tafiyar shekaru. Ga tsada kuma: kun ga yadda kuɗin buhu ya hau cikin 2022.

Don haka a sa kaɗan, a sa shi inda saiwa take. Mu yi lissafi tare, tunda kun koyi lissafi. Eka guda metir 100 ce tsawo, metir 100 faɗi. In an shibka hatsi metir guda tsakanin gurbi da gurbi, gurbi 10.000 kenan. A kowane gurbi a sa takin 15-15-15 cikin marfin kwalbar lemo guda, wato giram 6. Giram 6 sau 10.000, kilo 60 kenan, buhu guda da kilo 10. A sa shi cikin ƙasa mai laima, a gauraya da ƙasa don kada ya ƙone iri. Takin rami kuma cikin hannu biyu a kowane gurbi, kamar giram 300. Na eka guda ya kama kilo 3.000.

Kilo 3.000 ya fi ƙarfin mai awaki 3. To, ya raba gonar shi huɗu. Bana ya ba kashi guda, gurbi 2.500, kilo 750. Baɗi ya ba na gaba. Ƙarfin taki ba ya ƙarewa cikin damana guda, wurin da ya samu bana zai ci gaba da amfana shekara 2 ko 3. Kashin da bai samu taki ba a yawaita wake cikin shi.

Ga aikin da na bar ma wannan aji. Ku nemi fili wurin maigari, a bakin hanya inda kowa ke wucewa. Ku raba shi huɗu daidai, kowane taki 20 tsawo, taki 20 faɗi. Na 1 ba komi. Na 2 takin rami. Na 3 marfin kwalba. Na 4 a haɗa biyun. Iri guda, ranar shibka guda, noma guda. Ku kafa allo ku rubuta lambar kowane. Ku rubuta ranar kowane ruwa cikin littafi. Ku ƙirga ƙudujin da ya fito cikin kowane kashi. Da kaka ku sussuka daban-daban, ku auna da tiya, ku aiko ma jaridarku da lissafin don sauran garuruwa su karanta.

Ramin taki kuwa, in ana so ya nuna kafin shibka, sai a cika shi kafin ƙarshen watan Fabrairu. Ranar kasuwa mai zuwa zan dawo da safe mu gina na farko a bayan aji. Kowa ya zo da dagi ko shebur, da kwandon ƙaiƙayi guda. Yanzu mai tambaya ya yi.